Ƙasar Juji: Halittun Da Ke Aiki A Cikinta Da Abin Da Guba Ke Yi Masu

Gabatarwa

Tun zamanin kakanni manomi ya san darajar juji. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, a da jakuna kan shiga gari ɗauke da itace da amfanin gona, su komo da mangaloli cike da taki, kuma da wannan taki ne aka daɗe ana noma gonaki shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Masu noman rani a Jos su ma sun saba amfani da tokar sharar gari a lambunansu. Haka nan a Legas da Ibadan da Abuja da Inugu za a tarar da masu lambu suna shuka alayyafo da lalo da kuɓewa a gefen bola, ko kuma suna sayen baƙar ƙasarta tifa-tifa.

Sai dai jujin da ba shi ne jujin yau ba. Na da toka ne da kashin dabbobi da ƙaiƙayi da ragowar abinci da tsummokara. Na yau kuwa ya haɗa da leda da robobi da matattun batura da baƙin mai da gwangwanayen fenti da na maganin ƙwari, da tarkacen rediyo da wayar salula, wani lokaci har da allurai da audugar asibiti. Wannan darasi zai bayyana wa malaman gona da manoma irin halittun da ke zaune a wannan ƙasa, da aikin da suke yi, da yadda guba ke sauya aikin nasu, domin a san lokacin da ya dace a ɗebi ƙasar juji da lokacin da ya kamata a ƙaurace mata.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Ƙasar noma ba yashi da laka ba ne kawai. A cikin giram ɗaya na ƙasa mai albarka, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba, akan sami ɗaruruwan miliyoyin ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Tare da su akwai dangin hunhuna, masu miƙa zare siriri a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, da wani rukuni mai suna aktinomaisit, wanda shi ne ke kawo ƙamshin nan da ake ji idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. Sama da waɗannan akwai manya da kowa ya sani, kamar tana da gara da gwazarma, masu yayyaga ganye da kara su sauƙaƙa wa ƙanana aiki.

Mafi yawan waɗannan halittu ba masu kawo cuta ba ne. Su ne ke ruɓar da taki har ya zama abincin da saiwa za ta iya zuƙa. Shuka ba ta cin kashin shanu kamar yadda aka zuba shi. Sai waɗannan ma'aikata sun warware shi sun fitar da naitirojin da fosfaras da sauran sinadarai tukuna. Wasunsu kuma sukan shiga saiwar wake da gyaɗa da waken suya su yi ƙululu, su riƙa kamo naitirojin daga iska suna bai wa shuka. Waɗannan su ne ake kira raizobiyam.

Mene ne enzayim?

Kayan aikin da halittun ke amfani da su wajen wannan warwara su ne ake kira enzayim. Sunan baƙo ne, amma aikin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Mai dama kunun zaƙi takan zuba niƙaƙƙen tsiro ko ɗanyen dankali a cikin gasarar da ta yi kauri, bayan ɗan lokaci sai ta tsinke ta yi zaƙi. Abin da ya faru shi ne akwai enzayim a cikin tsiron da ke daddatsa sitaci ya mai da shi sukari. Haka kuma mai naɗe nama a ganyen gwanda domin ya yi taushi, enzayim ɗin da ke cikin ƙaron gwanda ne ya yi masa aiki. Kowane enzayim aiki ɗaya ya iya, kamar yadda kowane kwaɗo ke da mabuɗinsa.

Daga cikin waɗanda ke cikin ƙasa, wanda ya fi shafar aljihun manomi shi ne yuriyes. Shi ne ke farfasa takin yuriya ya mai da shi amoniya, wadda ke zama abincin shuka idan ta haɗu da damshin ƙasa. Wani masani ɗan Amurka, James Sumner, shi ne ya fara tace shi daga wani irin wake a shekarar 1926. Sai fosfates, mai sako fosfaras daga ruɓaɓɓen taki. Halittun ƙasa suna fitar da shi, saiwar shuka ma tana fitarwa idan ta ji ƙarancin fosfaras. Akwai kuma selules da 'yan uwansa masu narkar da kara da ganye da takarda, da katales mai kare halittu daga wani sinadari mai ƙuna da ke taruwa a jikinsu yayin numfashi.

Na ƙarshen da za mu ambata shi ne dihaidirojines, kuma masu bincike sun fi dogara da shi saboda wani dalili. Sauran enzayim ɗin sukan fita daga jikin halittar da ta yi su, su manne a laka ko a ruɓaɓɓen taki, su ci gaba da aiki ko da mai su ya daɗe da mutuwa. Shi kuwa dihaidirojines ba ya aiki sai a cikin rayayyar halitta. Saboda haka idan aka auna shi aka ga ya yi ƙasa, to, alama ce cewa masu rai a wannan ƙasa sun ragu ko sun raunana a yanzu. A ɗakin gwaji akan zuba wa ƙasar wani ruwa marar launi a ajiye ta kwana guda a wuri mai ɗumi. Gwargwadon jan da ya fito, gwargwadon rayuwar da ke ciki.

Abin da ke faruwa a cikin tudun shara

Manyan jujayen biranenmu, irin su Olusosun da ke Ojota a Legas, wanda aka fara zuba wa shara a 1992 kuma ya mamaye kimanin hekta 40, ko Awotan da Lapite da Aba-Eku a Ibadan, ko Gosa a Abuja, tudu ne da ake tara shara bisa shara. Sabuwar sharar da ke sama tana samun iska, don haka halittun da ke numfashi da iska su ke fara cin ta, har wurin ya ɗau zafi. Da zarar an danne ta da wata sharar, iskar ciki ta ƙare, sai wasu halittu da ba sa buƙatar iska su karɓi aiki. Waɗannan sukan fitar da ruwa mai tsami da wari, kuma a wannan mataki ne ƙarafa masu guba suka fi narkewa su bi ruwa. Bayan watanni ko shekaru sai rukuni na uku ya taso ya cinye tsamin, yana fitar da iskar gas wadda kusan rabinta mitan ce, ragowar kuma mafi yawa iskar kabon. Mitan tana kamawa da wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri, shi ya sa gobarar juji ke da wuyar kashewa, kamar wadda ta tashi a Olusosun a watan Maris na 2018.

Manomin da ke maƙwabtaka da juji abu biyu ke iso masa daga nan. Na farko wannan gas, wadda kan ratsa ƙarƙashin ƙasa ta kori iskar da saiwa ke shaƙa. Sai a ga wani yanki na gona shuka ta tsumbure ta yi ɗorawa alhali akwai taki da ruwa, idan aka tona kuma a tarar da ƙasar ta yi toka-toka tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na biyu shi ne baƙin ruwan da ke tsattsafowa daga gindin tudu, musamman da damina. Wannan ruwa yana ɗauke da gishiri da amoniya masu yawa da narkakkun ƙarafa da ƙwayoyin cuta. Tun da yawancin jujayenmu ba a shimfiɗa masu komai a ƙasa da zai tare shi ba, yakan gangara zuwa fadama da rafi, ya kuma nutse zuwa rijiyoyin da ba su da zurfi. A kudancin ƙasar nan, inda ruwan sama ke da yawa, matsalar ta fi tsanani.

Yadda guba ke taɓa halittun ƙasa

Nan ne ake yawan ruɗuwa, don haka ya kamata malamin gona ya natsu. Idan aka ƙirga halittun da ke ƙasar juji, sau da yawa akan tarar sun fi na gonar da ke kusa yawa, aikin enzayim ma yakan fi ƙarfi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin abinci ya yi masu yawa. Shuka ma takan yi kore shar a kai. Mai kallo daga nesa sai ya ce ai ƙasar lafiya lau take. Amma yawan abinci yana iya rufe aikin guba na wani lokaci, kamar yadda ƙiba ba ta nuna cewa dabba ba ta da ciwo.

Ƙarafan da aka fi damuwa da su su ne dalma daga batirin mota da tsohon fenti da kayan lantarki, da kadmiyam daga wasu ƙananan batura da robobi masu launi, da tutiya daga tayoyi da kwanon rufi da batirin tocila, da tagulla daga wayoyi, da zaiba daga dogayen ƙwayayen lantarki, da kuromiyam daga sharar majemu irin na Challawa da Sharaɗa a Kano. Tutiya da tagulla shuka na buƙatar su kaɗan, sai sun yi yawa suke zama guba. Dalma da kadmiyam da zaiba kuwa ba su da wani amfani ga shuka ko mutum ko kaɗan.

Hanyar ɓarnarsu ita ce su manne a jikin enzayim a daidai gurbin da yake aiki da shi, ko su ture ƙarfen da yake buƙata su zauna a madadinsa, sai ya zama kamar kwaɗon da aka karya wa mabuɗi a ciki. Yuriyes yana cikin masu saurin kamuwa, musamman da zaiba da tagulla da kadmiyam. Halittun kuma ba ɗaya suke ba wajen juriya. Dangin hunhuna sun fi yawancin bakteriya jurewa. Masu mai da amoniya ta zama naitiret, da masu kamo naitirojin daga iska, suna cikin na farkon faɗuwa. A hankali sai nau'o'i su ragu, 'yan tsiraru masu taurin rai su cika wurin. Waɗanda suka tsira ma suna ɓatar da ƙarfinsu wajen tunkuɗe guba daga jikinsu maimakon girma da hayayyafa, don haka sukan fitar da iskar kabon mai yawa alhali jikinsu bai ƙaru ba. Masu bincike kan auna wannan su gane cewa ƙasa tana cikin wahala.

Misali mafi shahara a kan haka daga Ingila ya fito. A gonar gwaji ta Woburn, an riƙa zuba wa wasu filaye dagwalon masai na birni mai ɗauke da ƙarafa daga 1942 zuwa 1961, wasu filayen kuma aka ba su takin dabbobi. Fiye da shekara 20 bayan an daina, da aka auna sai aka tarar nauyin halittun da ke filayen dagwalo bai wuce kusan rabin na filayen takin dabbobi ba. Wata ciyawa dangin wake da aka shuka a wurin ta yi ƙululu a saiwa, amma ƙululun ba sa kamo naitirojin. Abin lura a nan shi ne ganye da kashi suna ruɓewa su ƙare, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Hasali ma ruɓaɓɓen taki yakan riƙe ƙarafan ya rage kaifinsu, idan ya ƙare kuma sai ya sake su. Wato gonar da ake zuba wa sharar gari kowace shekara, takin yana tafiya, dalma tana taruwa.

Tsamin ƙasa shi ne ke hukunta yawan abin da zai narke. A ƙasa mai tsami, irin jar ƙasar da ta yawaita a kudu maso gabas da kudu maso kudu, kadmiyam da tutiya sukan narke su shiga saiwa da sauƙi. Toka tana rage tsami, saboda haka jujin da ake ƙonawa yakan ɗaure ƙarafansa na ɗan lokaci. Amma wannan ba dalilin ƙona shara ba ne: wuta tana kashe halittun saman ƙasa, tana kore naitirojin, tana tattara ƙarafan a cikin 'yar toka kaɗan, ƙona robobi kuma yana haifar da wata muguwar guba mai suna dayoksin. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie ta birnin Akara a Gana, inda ake ƙona wayoyi a lokacin, aka same su da wannan guba fiye da kima ƙwarai.

Baƙin mai nasa salon daban ne. Yakan toshe ƙofofin iska na ƙasa ya hana ruwa shiga, amma akwai bakteriya da ke iya cin sa idan sun sami iska da taki, don haka ƙasar da mai ya ɓata tana iya farfaɗowa idan ana juya ta ana ba ta kashin kaji. Leda kuwa har yanzu tana gagarar halittun ƙasa. Gaskiya ne a 2016 masana a Japan sun ba da labarin wata bakteriya mai narkar da robar gorar ruwa, amma a ɗakin gwaji ne kuma a hankali take yi. Kada manomi ya sa rai ledar da ke gonarsa za ta ruɓe a zamaninsa.

Daga ƙasa zuwa tukunya

Kayan ganye irin su alayyafo da latas da lalo sun fi ɗaukar kadmiyam, kuma ƙurar da ke manne masu tana ɗauke da dalma. Masu saiwa kamar karas da dankali suna biye. Tumatir da kuɓewa da barkono da ƙwayar masara ba su cika tara dalma ba. Ma'aunin abinci na duniya da hukumomin FAO da WHO suka kafa ya ƙayyade dalma a kayan ganye kada ta wuce miligiram 0.3 a kowane kilo, kadmiyam kuma 0.2. Game da ƙasar kanta, dokar Tarayyar Turai ta 1986 a kan zuba dagwalo a gona ta sa iyakar dalma tsakanin miligiram 50 zuwa 300 a kilo, kadmiyam kuma 1 zuwa 3. Yara ƙanana su ne suka fi shiga haɗari, domin suna wasa da ƙasa suna kai hannu baki, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Annobar Zamfara ta 2010, wadda ta hallaka yara fiye da 400, daga niƙan duwatsun zinariya ta samo asali ba daga juji ba, amma dalmar iri ɗaya ce da wadda ke cikin fasasshen batir. Ban da ƙarafa, akwai ƙwan tsutsar ciki da ke iya shekaru a ƙasa da ransa, da ƙwayar cutar sandarewar jiki da ke shiga ta yankan kwalba ko ƙusa, da masu kawo gudawa da taifot.

Gwajin da za a iya yi a gona

Malamin gona zai iya kwatanta ƙasar da ake shakka da ta wata gona mai tsabta da ke sama da juji, ba ƙasa da shi ba. A yanka farin ƙyallen auduga zalla gida biyu, a binne kowane a zurfin taƙi ɗaya lokacin da ƙasa ke da damshi, a tono bayan mako huɗu zuwa shida. Inda ƙyallen ya fi ruɓewa, nan ne masu narkar da kara suka fi aiki. Haka kuma a shuka wake a tukwane biyu, bayan kamar mako shida a tuge a hankali a tsaga ƙululun saiwa. Wanda cikinsa ja-ja ne yana aiki. Fari ko kore ba ya kamo komai. A duba tsirowar iri da tsawon saiwa, a kuma ƙirga tana a rami mai faɗi da zurfi iri ɗaya.

A lura: waɗannan gwaje-gwaje suna nuna lafiyar halittu ne kawai. Ƙyalle yana iya ruɓewa sarai a ƙasar da dalmarta ta isa ta cutar da yaro. Sanin yawan ƙarfe sai ɗakin gwaji. Wajen ɗaukar samfur, a ɗebo daga wurare 15 zuwa 20 a faɗin fili, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, a ware kamar kilo ɗaya a raba biyu. Rabin da za a auna ƙarafa a shanya shi a inuwa. Rabin da za a auna halittu da enzayim kuwa kada a shanya shi kuma kada a bar shi a rana ko a bayan mota mai zafi. A sa shi a leda da damshinsa, a ajiye a wuri mai sanyi, a kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu. A rubuta sunan wuri da kwanan wata da irin sharar da aka gani.

Abin da manomi zai yi

Ƙasar da ta fito daga jujin da ake zuba sharar masana'antu ko ta asibiti ko ta bakanikai, ko inda ake fasa batura da ƙona wayoyi, kada a kai ta gona ko da kyauta ce. Tankaɗe yana fitar da leda da kwalba, ba ya fitar da dalma. Mafi aminci shi ne a nemi sharar tun ba ta gauraya ba: ɓawo da ruɓaɓɓun kayan gwari daga kasuwa, tumbi daga mahauta, kashin kaji, ɓuntun shinkafa, tokar murhun itace. A tara su a yi takin gargajiya, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Idan zafin cikin tarin ya kai digiri 55 ya kuma daɗe a haka kamar mako biyu ana juya shi, yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa sukan mutu.

Wanda gonarsa ta riga ta gurɓace, kuma ba shi da wata, ya sauya abin da yake shukawa: ya bar kayan ganye ya koma masara ko kuɓewa ko itatuwan katako da furanni, ko ya yi kunya mai tudu da ƙasar da aka kawo daga wuri mai tsabta. Zuba farar ƙasa a ƙasa mai tsami, da ƙara taki mai tsabta da garin gawayi, suna rage abin da saiwa ke zuƙa, suna kuma ba halittu damar farfaɗowa, sai dai ƙarfen yana nan, don haka aikin na maimaitawa ne. Layin jema a tsakanin juji da gona yana tare ƙasar da ruwa ke kwasowa. Kada a yi ban ruwa da ruwan da ya biyo ta gindin juji, kada kuma a bar awaki da kaji su yi kiwo a kai. A ƙasar da toka ta yi yawa, takin yuriya da aka watsa a sama yakan tashi ya bi iska, saboda haka a tona a gefen shuka a rufe shi. Mai aiki ya sa takalmin roba da safar hannu, ya wanke hannu kafin cin abinci, a wanke ganye da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, kuma kada a zo da yara 'yan ƙasa da shekara biyar irin wannan fili. Idan aka ga ana juye sharar masana'anta kusa da gonaki ko rafi, malamin gona ya sanar da hukumar kula da muhalli ta jiharsa ko ofishin NESREA, hukumar tarayya da aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli.